Tikitin Zuwa Ba Dawowa: 'Yan Asalin Amurka, Birni da Kwalba

Ranar 23 ga Fabrairu, 1945, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, wani mai ɗaukar hoto, Joe Rosenthal, ya ɗauki sojojin Amurka shida suna kiciniyar kafa tuta a kan dutsen Suribachi da ke tsibirin Iwo Jima na ƙasar Jafan. Hoton ya zaga duniya. Idan kuka nemo shi a wayarku, ku duba mutumin da ke can baya, wanda sandar tutar ta riga ta bar hannunsa, hannuwan na miƙe sama. Sunansa Ira Hayes, ɗan ƙabilar Pima daga yankin kogin Gila a jihar Arizona.

An dawo da shi Amurka, aka yi ta yawo da shi gari-gari ana nuna shi don tara kuɗin yaƙi. Da biki ya watse ya koma ƙauyensu, ya tarar da abin da ya bari: gonaki a bushe, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 Turawan da suka zauna a saman kogin suka karkatar da ruwan da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman rani da shi. Ko ƙuri'a dokar Arizona ba ta yarda irinsa su jefa ba, sai a 1948. A 1953 ya shiga wani shirin gwamnati na kai 'yan asalin ƙasa birane, aka kai shi Shikago, aka sama masa aiki a masana'anta. Ba a daɗe ba 'yan sanda suka tsince shi a titi a buge, jaridu suka yayata. Daga baya ya koma gida. Da safiyar 24 ga Janairu, 1955, aka ga gawarsa a fili, likita ya ce sanyi da barasa ne ajalinsa. Yana da shekara 32.

Yawancinmu a fina-finan kaboyi muka fara ganin waɗannan mutane da muke kira Jajayen Indiyawa, ga gashin tsuntsu a ka, ga kwari da baka, ana harbinsu suna faɗowa daga dawaki. A can Amurka akwai hoto na biyu da aka liƙa musu, na mashayi kwance a bakin titin birni da kwalba a hannu. Wanda ya ce ai halinsu ne, ya hutar da kansa bincike. Amma ruwa ba ya tsami banza. Bari mu bi sawun wannan hoto mu ga wa ya ɗauko mutumin daga ƙauyensu, kuma me ya tarar da ya sauka a tasha.

Kwalba ta riga birni zuwa

Kafin zuwan Turawa, mafi yawan al'ummomin Arewacin Amurka ba su san barasa mai ƙarfi ba. Akwai 'yan ƙabilu a kudu maso yamma da ke da abin shansu mai tsami: Tohono O'odham na yin nasu da 'ya'yan wani icen hamada don bikin roƙon ruwa, Apache kuma na jiƙa masara su yi wani abu mai kama da burkutu, marar ƙarfi sosai. Wiski da dangoginta fataken Ingila da Faransa da Holan ne suka shigo da su tun ƙarni na 17, lokacin da Turai ke rububin fatun dabbobi. Lissafin ɗan kasuwa a nan a fili yake. Idan ka sayar wa maharbi tukunyar ƙarfe ko gatari, sai bayan shekaru zai nemi wani. Idan ka sayar masa giya, kafin gari ya waye ta ƙare, ga shi ya dawo. Sai a surka ta da ruwa, a ba shi bashi, a karɓe fatun da ya yi hunturu guda yana tarawa. An sha kuma buɗe ganga a wuraren da ake tattauna yarjejeniyar filaye.

Tun a lokacin mutanen ba su yi shiru ba. A 1799 wani mutumin Seneca da ake kira Handsome Lake, wanda shi kansa giya ta kusa kai shi kushewa, ya tashi daga jinya ya fara wa'azin barin ta, koyarwarsa kuma tana nan da mabiya har yau. A 1802 Little Turtle, jagoran ƙabilar Miami, ya je gaban Shugaba Thomas Jefferson ya roƙi a hana shigo musu da ita. A 1832 majalisar dokokin Amurka ta haramta shigar da barasa yankunan Indiyawa, daga baya aka faɗaɗa haramcin ya shafi sayar musu a ko'ina. Dokar ta zauna har 1953, shekara 121 ke nan.

Dokar ba ta hana giya shiga ba, sai dai ta koya wa mutane wata irin sha. Wanda ya san za a kama shi in an gan shi da kwalba, ba zai zauna yana kurɓa a hankali ba, ɗaga ta zai yi ya shanye a bayan gida kafin wani ya zo. Malaman shan da suka fara gani kuwa fatake ne da sojoji da 'yan haƙar zinare, mutanen da ba sa tashi sai sun faɗi.

An ƙwace ƙasa, an kwashe yara

Bayan yaƙe-yaƙe da kora, aka tattara ƙabilun a keɓaɓɓun yankuna, galibi inda ƙasa ba ta da albarka. A 1887 dokar Dawes ta yayyanka filayen ƙabila ta raba wa ɗaiɗaikun mutane, abin da ya saura aka ce rara ne, aka sayar wa Turawa. Filayen da ke hannunsu a 1887 sun kai eka miliyan 138. Zuwa 1934 saura eka miliyan 48.

Sannan aka juya kan yara. A 1879 wani soja, Richard Henry Pratt, ya buɗe makarantar kwana ta Carlisle a jihar Pennsylvania, aka yi ta buɗe irinta. A ɗauke yaro daga gaban iyayensa, a aske masa gashi, a sauya masa suna, a doke shi in ya yi harshen uwarsa. Ya dawo gida saurayi, bai iya hira da kakarsa ba, Turawa kuma ba su karɓe shi ba. Wanda bai tashi a gaban uwa da uba ba, daga ina zai koyi riƙon nasa 'ya'yan? Rahoton Meriam na 1928, wanda gwamnati da kanta ta sa aka yi, ya bayyana yunwa da tarin fuka da cunkoso a waɗannan makarantu, da talaucin da ya yi katutu a yankunan. Daga wannan gida ne aka ɗebi waɗanda za a kai birni.

Shirin Dillon Myer

Yaƙin Duniya na Biyu ya fitar da dubban 'yan asalin ƙasa daga yankunansu, wasu soja, wasu aikin masana'antar makamai. Da aka gama yaƙi ayyukan suka ƙare. A hunturun 1947 zuwa 1948 dusar ƙanƙara ta jefa Navajo da Hopi cikin yunwa, sai Hukumar Harkokin Indiyawa, wato BIA, ta buɗe ofisoshin nema musu aiki a Denver da Salt Lake City da Los Angeles.

A 1950 aka naɗa Dillon Myer shugaban hukumar. Wannan mutum shi ne ya jagoranci sansanonin da aka tsare mutane kusan 120,000 masu jinin Jafan a lokacin yaƙi, kuma shi ya tsara warwatsa su a garuruwa daban-daban bayan an sake su. Da wannan gogewa ya zo. A 1952 aka ƙaddamar da shirin kai Indiyawa birane. A 1953 majalisa ta zartar da ƙuduri mai lamba 108, na soke matsayin ƙabilu da yanke duk wata alaƙa ta musamman tsakaninsu da gwamnati, har aka shafe ƙabilu fiye da 100 daga rajista, cikinsu da Menominee da Klamath masu arzikin katako. A wannan shekarar dai aka ɗage haramcin sayar musu da giya. A 1956 aka ƙara dokar koyar da sana'a ga masu shekara 18 zuwa 35. Manufar ba ɓoyayyiya ba ce: a kwashe matasa, su narke cikin jama'ar birni, yankunan su mutu da kansu, gwamnati ta huta da alkawuran da ta sa wa hannu.

Jami'ai suka shiga ƙauyuka da fastoci masu hotunan gidaje masu kyau da iyali suna murmushi a gaban talabijin. Romon baka ya yi aiki, domin a gida babu aikin yi. Aka ba mutum tikitin bas ko na jirgin ƙasa, na zuwa kaɗai, zuwa Shikago, Los Angeles, Denver, Oakland, San Francisco, Dallas, Cleveland da sauransu. Sau da yawa a kan zaɓi gari mai nisa don komawa ta yi wuya. Cikin shekara 20 mutane fiye da 100,000 suka bi ta wannan shiri, ban da ɗimbin da suka tafi da kuɗinsu. A 1940 kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan asalin ƙasa ne ke zaune a birane. Zuwa 1970 sun kusa rabi. Yau kusan bakwai cikin goma.

Abin da suka tarar

Mu da muka san ci-rani mun san abin da ke riƙe baƙo a birni: ɗan garinku da ya riga ka zuwa, zauren da za ka kwana, mai unguwar da zai tsaya maka, da sanin cewa in damina ta faɗi gona na jiranka. Duk waɗannan an cire su daga wannan tafiya. Tallafin hukuma na 'yan makonni ne, daga nan sai ka ji da kanka. Aikin da ake samu leburanci ne na wucin gadi, kuma da tattalin arziki ya tsuke a 1957 zuwa 1958, su aka fara sallama. Masu gidajen haya a unguwanni masu kyau ba sa karɓarsu, sai tsofaffin otal-otal da ɗakunan ƙuntu a Uptown ta Shikago ko Bunker Hill ta Los Angeles. Akwai waɗanda ba su taɓa buga tarho ko hawa na'urar hawa bene ba. Asibitin gwamnati da suke da haƙƙinsa a gida bai biyo su birni ba.

Hukumar ta ce kusan kashi 30 cikin 100 ne suka koma gida. Masu sukar shirin sun ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Wasu kuwa ba su da kuɗin komawa, wasu kunya ta hana su komawa hannu rabbana, suka maƙale a tsakani.

Ba kowa ne ya nutse ba. Wilma Mankiller tana yarinya aka kai iyalinsu daga Oklahoma zuwa San Francisco a 1956, suka ƙare a gidajen talakawa na Hunters Point. A 1985 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙabilar Cherokee. Akwai dubbai da suka zama makanikai, malaman jinya da ma'aikatan ofis, suka yi gidaje suka aurar da 'ya'ya. Su dai ba a ganinsu a bakin titi, shi ya sa ba su shiga hoton ba.

Me ya kai su mashaya?

A ce an sauke ka a garin da ba ka san kowa ba, ɗakinka gado ɗaya ne da kwan lantarki, ka tashi aiki ranar Juma'a da 'yan daloli a aljihu. Ina za ka ji harshenku? Ina za ka ji wa ya zo daga gida, wa ya rasu, wace masana'anta ke ɗaukar ma'aikata? A shekarun farko amsar ɗaya ce, mashayar da Indiyawa ke taruwa. Ita ce dandali, ita ce gidan waya, nan ake samun rance da wurin kwana. Kuma ba a zama a wurin haka kawai, sai an saya. Ga al'adar rabo da suka taso da ita, wadda a gida ita ke hana kowa kwana da yunwa: wanda ya samu ba ya ci shi kaɗai. A kan teburin mashaya wannan kyakkyawar ɗabi'a kan cinye albashin mako a dare guda.

Wani mai shirya fim, Kent Mackenzie, ya bi wasu matasa a Bunker Hill ya yi fim da su mai suna The Exiles, wanda ya fito a 1961. Labarin dare ɗaya ne: mace mai ciki ita kaɗai a silima, maza na zagaya mashayu, can cikin dare su hau wani tudu da ke kallon fitilun birni su buga ganga su yi waƙoƙin gida har asuba. Fim ɗin bai samu shiga silimu sosai ba sai a 2008. A adabi ma haka: littafin House Made of Dawn na N. Scott Momaday, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1969, tsohon soja ne jaruminsa, da aka kai Los Angeles ƙarƙashin wannan shiri.

Lissafin wa muke karantawa?

Mu da aikinmu ya shafi manhaja da tattara bayanai, abu na farko da ake koya mana shi ne mu tambayi inda alƙaluma suka fito kafin mu yarda da su. Yawancin abin da aka riƙa kafa hujja da shi kan shan Indiyawa a birane daga rajistar 'yan sanda ya fito. A lokacin buguwa a bainar jama'a laifi ce, har wani kwamitin shugaban ƙasa ya gano cewa a 1965 kamu ɗaya cikin uku a faɗin Amurka na buguwa ne. To wa ke buguwa a bainar jama'a? Mai falo da labule a falonsa yake sha, matarsa ta rufe ƙofa. Marar ɗaki a titi yake sha. Mutum ɗaya kuma ana iya kama shi sau goma a shekara, ya shiga rajista sau goma. Irin wannan rajista ta fi nuna inda motar 'yan sanda ke tsayawa.

A Minneapolis, kan titin Franklin take tsayawa. Mazauna unguwar sun ba da labarin yadda a daren ƙarshen mako ake jingina motar kamu a ƙofar baya ta mashaya, 'yan sanda su shigo ta gaba, duk wanda ya gudu ya faɗa mota, da mai maye da marar maye. Daga nan sai gidan horo da aikin shara kyauta, ranar Litinin kuma mutum bai je aiki ba, an kore shi.

Wani masani, Theodore Graves, ya bi diddigin mazan Navajo da suka koma Denver, ya buga sakamakon a 1970. Ya tarar kusan duk kamun da ake musu na da alaƙa da giya, amma ba a kan kowa yake faɗawa daidai ba. Waɗanda suka zo da sana'a a hannu, suke da albashi mai ɗan kauri, suke tare da matansu, ba kasafai ake kama su ba. Jini ɗaya, ƙabila ɗaya, abin da ya raba su shi ne aljihu da wanda ke jiransu a gida.

Zancen jini

An daɗe ana cewa jikin Ba'indiye ne ba ya iya ɗaukar barasa. A 1976 likitoci biyu, Bennion da Li, suka gwada yadda jikin Indiyawa da na Turawa ke narkar da ita, ba su ga bambanci ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Arizona suka duba bayanan ƙasa baki ɗaya, suka tarar kusan kashi 60 cikin 100 na 'yan asalin ƙasa ba su taɓa giya ba a watan da ya gabata, alhali a Turawa kashi 43 ne. Masu shan wuce kima kuwa kusan kai ɗaya ne, wajen kashi 17 a kowane ɓangare.

Wannan bai share ɓarnar ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga 2001 zuwa 2005, kashi 11.7 cikin 100 na mace-macen 'yan asalin ƙasa na da nasaba da barasa, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 3.3 ne. Sha iri ɗaya, mutuwa ta ninka fiye da sau uku. Kwalbar da mai hali zai sha ya kwana a gadonsa, in hanta ta motsa ya ga likita da wuri, ita talaka zai sha ya kwana a dusar ƙanƙara. Har yau kusan kashi 1 cikin 100 na kasafin hukumar lafiyar Indiyawa ne ke zuwa ga asibitocinsu na birane, inda mafi yawansu suke.

Abin da suka gina da hannunsu

Gwamnati ta so su narke, sai birni ya haɗa Lakota da Navajo da Ojibwe da ba su taɓa haɗuwa ba. Tun a 1953 suka buɗe cibiyarsu a Shikago, a 1955 aka buɗe Intertribal Friendship House a Oakland, wuraren da mutum zai ci abincin gida ya ji ganga ba tare da ya sayi kwalba ba. A Yulin 1968 tura ta kai bango a Minneapolis. Dennis Banks da Clyde Bellecourt da George Mitchell da wasu suka kafa ƙungiyar AIM. Aikinsu na farko sintiri ne: jajayen riguna, kyamara a hannu, suna bin motocin 'yan sanda suna ɗaukar hoto, wanda ya bugu su kai shi gida kafin a kama shi. A Nuwamban 1969 matasan da suka tashi a birni suka mamaye tsibirin Alcatraz har wata 19. A Yulin 1970 Shugaba Nixon ya sanar da watsi da manufar soke ƙabilu. A 1978 aka yi dokar kare 'ya'yansu, bayan bincike ya nuna ana raba kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na yaran da iyayensu, sau da yawa da hujjar talauci ko shan giya.

Wajen magani ma sun koma ga nasu. Don Coyhis, wanda shi ma ya yi fama da sha, ya kafa White Bison a 1988, inda ake haɗa matakan barin maye da addu'o'i da zaman da'ira na gargajiya. A 1996 aka buɗe gidan Anishinabe Wakiagun a Minneapolis don waɗanda sha ya ci ƙarfinsu, a kan ƙa'idar a ba mutum ɗaki tukuna, maganar bari ta biyo baya. Wani gida irinsa a Seattle, da aka yi nazarinsa a 2009, ya nuna mazauna sun rage sha, kuɗin da ake kashewa a kansu a asibiti da kurkuku ma ya ragu.

Ciwon bai warke ba. A 2018 ɗaruruwan marasa gida, galibinsu 'yan asalin ƙasa, suka kafa tantuna kusa da titin Franklin, a wannan karon ƙwayoyi masu sa maye sun shiga sahun giya. Da hunturu ya matso, ƙabilar Red Lake ce ta ba da filinta a cikin birnin aka yi musu matsuguni, daga baya ta gina gidajen haya masu rahusa a wurin.

Ira Hayes yana kwance a maƙabartar sojoji ta Arlington, ba nisa da ƙaton gunkin tagulla da aka ƙera daga hoton nan na Iwo Jima. Mutanensa na kogin Gila kuwa sun yi ta shari'a da kai-komo a kan ruwansu, sai a 2004 majalisa ta zartar da dokar da ta mayar musu da kasonsu, shekara 49 bayan rasuwarsa. Yanzu ana sake haƙa magudanan, ana shuka a gonakin da ya tarar a bushe.